Aure Ta Hanyar Gidan Waya: Wasiƙun Wani Sojan Faransa da Matarsa, 1914 zuwa 1919

Ran Asabar 1 ga watan Agusta 1914, wajen la'asar, aka shiga kaɗa ƙararrawar majami'u a ƙauyukan ƙasar Faransa, irin kaɗawar da akan yi in gobara ta tashi. Mutane suna gonaki, gama lokacin girbin alkama ne. Suka ajiye lauje suka nufi dandali, suka ji labari: gwamnati tana kiran dukan mazan da suka taɓa yin aikin soja su koma rundunoninsu tun daga washegari. Kafin mako uku su cika an kwashe maza fiye da miliyan 3, da yawansu kuwa manoma ne. A wurare da dama alkama tana tsaye ba a yanke ba, wadda aka yanke tana dami ba a sussuke ba, inabi kuma da sauran wata biyu kafin ya nuna.

Cikin waɗanda suka tafi akwai wani matashin manomi mai suna Paul Pireaud, mutumin ƙauyen Nanteuil-de-Bourzac a yankin Dordogne, kudu maso yammacin ƙasar. Sunan matarsa Marie. Bulus da Maryamu ke nan a bakin Hausawa. Ba su cika shekara da aure ba. Dokar Musa ta san irin wannan hali, gama a Maimaitawar Shari'a sura 24 an hana a tafi da sabon ango yaƙi sai ya shekara a gida tare da amaryarsa, a sura 20 kuma an sallami wanda ya dasa gonar inabi bai ci amfaninta ba tukuna. Dokar Jamhuriyar Faransa ba ta yi wannan rangwame ba. Ko firistoci ba ta ƙyale ba, an kira dubbansu suka sa kayan soja. Paul ya tafi a 1914, ba a sallame shi ba sai 1919. Cikin waɗannan shekaru biyar, in an ɗebe 'yan kwanakin hutu, zaman aurensu duka a takarda aka yi shi. Sun rubuta wa juna ɗaruruwan wasiƙu, waɗanda suka tsira kuma suna ajiye a ma'ajiyar tarihin rundunar sojan Faransa a Vincennes, kusa da Paris. Wata masaniyar tarihi mai suna Martha Hanna ta yi nazarinsu, ta fitar da littafi a kansu a 2006.

Abin tambaya na fari shi ne yadda aka yi manomi da matarsa, a ƙauyen da ke bayan ƙasa, suka iya riƙe alƙalami haka. Kakanninsu da yawa ba za su iya ba. A wannan yanki ma ba Faransanci tsofaffi suke yi a gida ba, suna da harshensu na kudu. Amsar tana cikin dokokin da minista Jules Ferry ya kawo a 1881 da 1882, waɗanda suka mai da makarantar firamare kyauta, suka kuma wajabta karatu a kan kowane yaro, namiji da mace, daga shekara 6 zuwa 13. Ikilisiyar Katolika ta yi jayayya ƙwarai da waɗannan dokoki domin sun fitar da koyarwar addini daga makarantun gwamnati, jayayyar kuma tana da dalilinta. Amma wani amfani ya fito wanda ba wanda ya hango shi. A waɗannan makarantu akan koya wa yara rubuta wasiƙa: yadda za a buɗe ta, yadda za a ba da labarin gida, yadda za a sanar da rashin lafiya ko rasuwa. Yaran da suka yi wannan darasi wajen 1900 su ne aka raba da matansu a 1914.

Gwamnati ta ƙara abu na biyu. Tun ran 3 ga Agusta 1914 ta yanke cewa wasiƙar soja zuwa gida, da ta gida zuwa wurin soja, ba ta bukatar kan sarki. Watannin farko an sha rikici, buhunan wasiƙu suka yi ta taruwa domin rundunoni suna ta ƙaura ba wanda ya san inda suke. Da aka gyara tsari, aka ba kowace runduna lambar waya tata, sai gidan waya na soja ya zama yana juya wasiƙu kimanin miliyan 4 a kowace rana. Ma'aurata da yawa sukan rubuta kullum, ko da layi biyar ne da fensir. Dalilin ba wuyar ganewa. Wasiƙa ita ce shaidar cewa mutum yana da rai a ranar da ya rubuta ta. In kwana huɗu ko biyar suka wuce mai raba wasiƙu bai tsaya a ƙofa ba, matar ba ta iya barci. Labarin mutuwa kuwa ta hannun magajin gari yakan zo, shi zai sa rigarsa ya taka zuwa gidan. Saboda haka mata sukan leƙa su ga ko ƙofar wa ya nufa.

Marie ta yi ta ba mijinta labarin wahalar gona. Wahalar ba tata kaɗai ba ce. A makon farko na yaƙin shugaban gwamnati, René Viviani, ya yi kira ga matan karkara su ƙarasa girbi, su kuma shirya ƙasa domin shekara mai zuwa. Faɗa da baki da sauƙi. Girbin 1914 an tattara shi da taimakon tsofaffi da yara da maƙwabta, kowa yana tsammani maza za su komo kafin Kirsimati. Da ba su komo ba, sai aikin da ya fi ƙarfin mace ɗaya ya faɗo a kanta: huɗa da garmar shanu a ƙasa mai nauyi, yankan ciyawar da dabbobi za su ci lokacin sanyi, sassabe kuringar inabi da fesa mata magani. Sojoji kuma sun bi ƙauyuka suna karɓar dawakai da shanu da hatsi a farashin da gwamnati ta yanka. Takin zamani ya yi wuya. A 1915 wata cutar ganye ta lalata inabi a ƙasar, a lokacin da ba hannuwan da za su yi feshi a kan kari. Alkamar da Faransa ta girbe a 1917 ba ta kai rabin ta 1913 ba, ko da yake wani sashi na wannan hasara ya zo ne domin Jamus ta mamaye gonaki masu albarka na arewa.

Wasiƙun sojoji manoma na wannan yaƙi cike suke da tambayoyin gona. Nawa aka samu? An sayar da maraƙin? Kada a sayar da hatsi yanzu, a jira. A nemi wane ya taimaka da huɗa. Mutum yana zaune cikin rami yana lissafin ranar shuka a gonar da ke nesa da shi da ɗaruruwan kilomita. Sai dai wasiƙa takan yi kwanaki a hanya, amsarta kuma ta yi wasu kwanakin. Ruwan sama ba ya jiran gidan waya, mai sayen shanu ma haka. Sau da yawa shawarar miji takan iso bayan an riga an yanke magana. Da haka, ba da gardama ba, ba da niyyar kowa ba, ikon gona ya koma hannun mata. Miji yana ba da umarni kamar yadda ya saba, mata tana amsawa da ladabi kamar yadda ta saba, amma ita ce take zuwa kasuwa, ita take ƙirga kuɗi, ita take tsayawa gaban masu karɓar kaya na gwamnati.

Kuɗi ma sun shiga hannunta ta wata hanya. Dokar 5 ga Agusta 1914 ta ba iyalin soja mabukaci faran 1 da santim 25 a rana, da ƙarin santim 50 domin kowane yaro. Ba kowa aka ba ba, rabon kuma ya jawo hassada da tsegumi a ƙauyuka, domin kwamiti ne yake duba wanda ya cancanta. Duk da haka, ga macen karkara wadda ba ta saba riƙe kuɗi kowane wata ba, wannan sabon abu ne. Shi kuwa sojan, albashinsa santim 5 ne a rana a farkon yaƙi, aka ƙara zuwa 25 a 1915. Saboda haka gida ne yake tallafa wa soja. Mata sukan ɗinke ƙunshi cikin ƙyalle su aika: naman alade da aka adana, cuku, safa da suka saƙa, wani lokaci da 'yar takardar kuɗi. Soja yakan raba da abokansa, ya rubuto ya ce ya iso lafiya ko ya iso a ruɓe.

Paul ya yi yaƙi a rundunar manyan igwa mai lamba 112. Masu igwa sukan zauna bayan sojojin ƙasa, saboda haka rabonsu na mutuwa bai kai na waɗanda suke ramukan gaba ba, sojojin ƙasa kuma ba su fasa tuna musu da wannan. Amma igwa tana neman igwa. Duk inda abokan gaba suka gano an kafa ta, can za su yi ta zuba harsashi, har da na iska mai guba. Ga taɓo, ga ƙwarƙwata, ga ɓeraye, ga dawakan da ake jan igwa da su suna mutuwa a hanya, abin da yakan taɓa zuciyar manomi ƙwarai. A 1916 aka kai rundunarsa Verdun. Jamusawa sun fara kai hari can ran 21 ga Fabrairu, faɗan bai lafa ba sai Disamba, mutanen da suka mutu daga ɓangarorin biyu sun kai wajen 300,000. Janar Pétain ya tsara a riƙa sauya rundunoni, wadda ta gaji a fitar da ita a shigo da wata, har yawancin sojojin Faransa suka ratsa ta wurin. Shi ya sa da wuya a sami ƙauyen da ba shi da mutum a Verdun.

A nan ne wasiƙun Paul suka fi daraja ga masu tarihi. An daɗe ana cewa sojojin wannan yaƙi sun ɓoye wa iyalansu gaskiya, wai tsakanin fagen fama da gida akwai rami wanda magana ba ta haye shi, mutanen gida suna rayuwarsu ba su san kome ba. Akwai abin da ya sa aka faɗi haka. Jaridu sun yi ta ƙarya, har wata jaridar Paris ta rubuta a watan Agusta 1914 cewa harsasan Jamus ba su da wani lahani na kirki. Akwai kuma sojojin da suka zaɓi su yi shiru don kada su tayar da hankalin uwa ko mata. Amma Paul, yana ƙarƙashin ruwan harsashi a Verdun, ya bayyana wa Marie munin abin da yake gani, bai rufe ba. Ba shi kaɗai ba ne. Rundunar ta kafa masu binciken wasiƙu a 1915, ta tsaurara aikinsu a 1916, amma ba mai iya karanta miliyoyin wasiƙu a rana. Kaɗan suke tsamowa, abin da suka fi hanawa kuma shi ne ambaton sunan wuri da lambar runduna. Matar da take karɓar wasiƙa kullum, take ganin guragu suna komowa, take jin sunayen matattu ana karantawa, ta san yaƙi fiye da yadda aka zata. Ita ma Marie ba ta ɓoye nata ba. Takan rubuta masa sunayen mazan yankinsu da suka mutu, ta yi makoki, ta faɗi yadda take marmarin salama. Begen juna irin na miji da mata ma sun rubuta shi a fili. Mai yiwuwa wannan faɗin gaskiya ne ya sa auren bai zama na baƙi biyu ba, gama da kowannensu ya yi ta rubuta cewa lafiya lau har shekara biyar, da ba abin da ya rage da za su sani game da juna.

Kusan shekara guda ba a ba sojoji hutu ba. Sai a watan Yuli 1915 aka fara barinsu su je gida na 'yan kwanaki, bi da bi. Bayan wannan ne Marie ta yi ciki, watannin ƙarshe na cikin kuma suka faɗo daidai lokacin Verdun. Cikin wasiƙun da Paul yake kwatanta faɗa, a ciki yake yi mata gargaɗi game da abincin da ya kamata mai ciki ta ci, gwargwadon saninsa. Akwai abin murmushi a nan, mai harba igwa yana koya wa matar karkara cin abinci, amma ita ce kaɗai hanyar da ta rage masa ta zama miji. A tsakiyar 1916 ta haifi ɗa namiji, aka sa masa suna Serge. Yaron ya yi ta rashin lafiya. A Faransa ta wancan zamani, cikin jarirai goma fiye da ɗaya yakan mutu kafin ya shekara, zawo na lokacin zafi kuma shi ne babban mai kisa. Likitocin da suka bi koyarwar Louis Pasteur sun yi shekara ashirin suna wa'azin a tafasa madara, a tsabtace kwalba, a riƙa auna nauyin jariri, amma maganarsu ba ta shiga ƙauyuka da sauri ba. Marie ta nemi likita, ta bi shawarar zamani ko da ta saɓa wa abin da tsofaffin mata suka saba. Yarinya ce mai ɗan fari, mijinta ba ya nan, tsayawa a kan irin wannan ra'ayi a cikin ƙauye ba ƙaramin abu ba ne. Abin da take da shi shi ne karatun da ta yi, da miji wanda take shawara da shi a takarda. Yaron ya rayu.

Daga Verdun aka kai rundunar Paul yaƙin Somme, sa'an nan harin da Janar Nivelle ya fara ran 16 ga Afrilu 1917, wanda ya yi alkawari zai fasa layin Jamus cikin kwana biyu. Harin ya watse da hasarar rayuka mai yawa. Cikin makonnin da suka biyo baya, bore ya taɓa wajen rabin rundunonin Faransa, sojoji suka ƙi komawa kai hari. Cikin manyan koke-kokensu akwai maganar hutu. Waɗannan mutane sun san halin da gida yake ciki dalla-dalla, domin matansu sun rubuta musu: gona ta koma saura, farashi ya hau, tsoho ya gaza. Wasiƙar da take ƙarfafa soja ita ce kuma take ƙara masa zafin rai. Pétain, da ya karɓi shugabancin rundunar a watan Mayu, ya hukunta waɗansu, amma ya gyara abinci da hutu, har ya zama kwana 10 a kowane wata huɗu. A ƙarshen Oktoba na wannan shekara sojojin Italiya suka sha kashi a Caporetto, Faransa da Ingila suka aika musu da gudummawa. Paul yana cikin waɗanda aka tura. Hanya ta ƙara nisa tsakaninsa da matarsa da ɗan da bai gani ba sai a 'yan kwanakin hutu.

A Verdun da harin Nivelle akwai waɗansu manoma kuma, waɗanda gonakinsu na gero ne da dawa. Faransa ta ɗebi sojoji fiye da 150,000 daga ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka, ana kiransu duka 'yan Senegal ko daga ina suka fito. Nijar a lokacin yankin mulkin soja ce, hedkwatarta a Damagaram. Akan yanka wa sarki adadin samarin da zai kawo, mutane da yawa kuma suka gudu zuwa ƙasashen da Ingila take mulka don su tsira. Sojojin Afirka suna cikin waɗanda suka ƙwato ganuwar Douaumont a Verdun ran 24 ga Oktoba 1916, a watan Afrilu 1917 kuma dubbansu suka hallaka cikin sanyi da ƙanƙara. Wajen 30,000 ba su komo ba. Su ma sun bar mata da gonaki, dokar wasiƙa kyauta kuma ba ta da amfani sosai ga wanda ba a koya wa rubutu ba, matarsa ma ba a koya mata ba, ƙauyensu kuwa ba gidan waya. Wanda ya sami mai rubuta masa, sai a nemi mai karantawa a can gida, maganar miji da mata ta bi ta bakin mutum biyu ko uku. Yawancin matan nan sun yi shekaru ba labari. Shi ya sa masu tarihi suka koma bin tsofaffin sojoji suna ɗaukar maganarsu da baki, kamar yadda Joe Lunn ya yi a Senegal bayan shekara sittin da wani abu. Muryar matan kuwa kusan duk ta tafi tare da su.

Ko a Faransa, wasiƙun mata sun fi na maza ɓacewa. Mace takan adana na mijinta a akwati. Soja ba shi da akwati, jakarsa takan jiƙe, in ya mutu kuma sau da yawa takardun da ke aljihunsa sukan tafi tare da shi. Abin da ya sa wasiƙun gidan Pireaud suka yi fice ke nan, domin ana jin muryoyin biyu, ana tambaya ana amsawa.

An tsai da wuta ran 11 ga Nuwamba 1918, amma sallamar sojoji ta ɗauki watanni, ana farawa da manya da masu 'ya'ya da yawa. Paul ya komo a 1919, ya tarar da yaro mai gudu da ƙafafunsa. Cikin maza wajen miliyan 8 da Faransa ta kira, kusan miliyan 1 da 400,000 sun mutu, aka bar gwauraye mata kimanin 600,000, ƙauyuka kuma suka kafa duwatsun tunawa da sunayen 'ya'yansu. Matan da suka riƙe gonaki suka mayar da garma ga waɗanda suka komo. A 1915 an yi dokar da ta yarda uwa ta riƙe ikon uba a kan 'ya'ya muddin mijinta ba ya nan, amma ta lokacin yaƙi ce kawai. Matar aure a Faransa ta ci gaba da zama marar cikakken iko a gaban shari'a har 1938, ba a kuma ba mata damar jefa ƙuri'a ba sai 1944.